Ginin Zanzaro a Fiffiken Jirgi

Duk wanda ya taɓa kai inji gyara rumfar Ashafa da ke bakin titin Kano zuwa Katsina, a Kankiya, ya san shi da hali guda da ba ya sakewa. Injin niƙa ne, famfon ruwa ne, tsohuwar lori ce, da zarar ya kwance abu ya ga rami sai ya yagi jan tsumma ya cusa. Bututu, bakin tanki, bakin salansa, kai har hancin butar alwalarsa bai tsira ba. Direbobi suka laƙa masa suna Toshe, suna cewa wata rana sai ya toshe wa kansa hanci. Su a zatonsu rikicin tsufa ne, alhali kuwa abin ya samo asali ne tun yana ɗan shekara talatin da biyu, a wata damina ta zamanin Turawa.

A Tafashiya aka haife shi, gidan maƙera. Ubansa Ummaru ya rasu tun yana ƙarami, uwarsa Inno ce ta tsaya a kansa, mace mai ƙoƙari da kaifin baki, wadda in ta ce e to ko liman sai ya yi da gaske kafin ya mai da ita a'a. Da aka shiga yaƙin Hitila, aka zo neman lebura don faɗaɗa filin jirgin sama na Kano, Ashafa na cikin waɗanda aka kwasa. Wata uku yana ɗaukar ƙasa a ka. Ran nan wani saje Bature, wanda lebura ke kira Jan Wuya, ya gan shi yana miƙe lanƙwasasshen ƙarfen baro da dutse, ya tsaya ya daɗe yana kallon hannunsa. Washegari aka mai da shi rumfar gyaran jirage.

Shekara huɗu ya yi a can yana wanke inji yana miƙa sifana. Bai koyi karatun boko ba, amma ya koyi dokokin wurin har sun zama masa jiki. Ana ƙirga kayan aiki kafin a buɗe inji, a sake ƙirgawa kafin a rufe, don kada filaya ta kwana a ciki. Kowane noti sai an ɗaure shi da waya. Jirgin da zai kwana a ƙasa ana toshe masa kowane rami da jan ƙyalle, ja don ido ya gan shi a cire kafin tashi. Jirgi ba ya tashi sai injiniya ya duba ya sa hannu a littafi. Sai kuma dokar da ta fi ba Ashafa mamaki: duk wanda ya ga aibi a jikin jirgi, ko mai shara ne, yana da ikon ya tsaya gaban matuƙi ya gicciya hannuwansa bisa kai, dole a kashe inji. Talaka ya tsai da Bature! Bai taɓa ganin an yi ba, bai kuma taɓa zaton zai gani ba.

Wani darasi kuma da gwangwanin kananzir Jan Wuya ya koyar da shi. Ya huda rami guda ya karkata, man ya ɗan zubo ya tsaya yana shaƙewa. Ya huda na biyu a ɗaya gefen, sai ga mai yana kwarara. Ya ce haka tankin jirgi yake, yana da wani ɗan bututu da iska ke shiga. In ya toshe, inji zai tashi lafiya, jirgi ya hau sama lafiya, sai an yi nisa mai ya daina sauka. Ashafa bai buƙaci a maimaita masa ba, don a shekararsa ta biyu wani jirgi ya faɗi a gonaki bayan filin, yana cikin waɗanda aka tura da buhuna su tattaro abin da ya rage. Kwana uku bai iya cin nama ba.

Da yaƙi ya ƙare ya komo gida, ya kafa rumfarsa a Kankiya, ya auro Kulu daga Yashe. Zamansu lafiya lau, sai dai abu guda. Sau uku Kulu na samun ciki, sau uku yana zubewa, na ƙarshen ma har ya yi wata shida. Bayan na ukun nan ta daina dariya. Da na huɗu ya shiga, gidan ya zama kamar ana tafiya a kan ƙwai. Inno ta hana ta daka, ta hana ta zuwa rijiya, ita kuwa Kulu ta zauna a ɗaki tana jiran abin da ta saba gani. Abinci sai an yi mata faɗa take taɓawa.

Cikin yana wata biyar jirgin ya sauka.

Ƙaramin jirgi ne mai farfela guda, na masu safiyo da ke ɗaukar hoton ƙasa daga sama. Bututun baƙin mai ne ya fashe musu, matuƙin ya lallaɓa ya dire a wani fako tsakanin Kankiya da Tafashiya, ya kori garken awaki ya tsaya ƙiris da wata kuka. Mutum biyu ne a ciki: matuƙin, wani dogon saurayin Bature mai saurin fushi, da malamin safiyo, Malam Hussaini, mutumin Kusada. Matuƙin ya hau lori ya tafi Kano neman sabon bututu da injiniya. Wakilin hakimi kuwa da ya tambaya wa ya san jirgi a ƙasar nan, kowa ya nuna rumfar Ashafa. Aka ce ya je ya tsare shi, aka haɗa shi da wani tsohon dogari, Nata'ala, mai korar 'yan kallo.

Ashafa ya ji daɗi, ba sai an faɗa ba. Ya roƙi Nata'ala tsohuwar jar rigarsa ta dogarci, ya yayyaga, ya bi jirgin nan yana toshe duk ramin da ya sani. Ya sassaƙa waigi biyu na itacen marke ya tare ƙafafun. Ya shimfiɗa tabarmarsa ƙarƙashin fiffiken hagu, nan ne ɗakinsa, nan ne inuwarsa. Malam Hussaini kan zo da hantsi daga Kusada a kan keke, ya duba akwatin hotonsa, su sha fura tare. Mutum ne mai barkwanci, 'ya'yansa biyar, kullum yana ba da labarin autarsa da ke cewa babanta ya auri shaho.

Sai dai an ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jiragen yaƙin da Ashafa ya sani ba a nan bututun iskarsu yake ba. Na wannan ɗan siriri ne, bai fi kaurin ƙaramin yatsa ba, ya ɓuya bayan ƙarfen da ke tallafe da fiffike, daidai saman tabarmarsa. Kwana huɗu yana kwance ƙarƙashinsa bai lura ba.

Ran na biyar Inno ta kawo masa tuwo da rana. Tana zaune bakin tabarma tana yi masa mitar ya bar rumfa ya zo gadin tsuntsun Nasara, sai ta yi shiru ta ɗaga kai. Ashafa ya bi idonta. Zanzaro ne, baƙi mai siririn ƙugu, ya zo da ɗan curin laka a baki daga kududdufin da ke gefe, ya sauka bakin bututun ya shige ciki. Nan take Ashafa ya gane ko wane bututu ne. Ya miƙe ya ɗauki hularsa zai make shi.

Inno ta cafke masa hannu. "Kul! Mi za ka yi?"

"Inna, wanga rami numfashin tanki ne. In ya toshe..."

"Kai dai ba ka da ido. Ina kake kwana yau kwana biyar? Nan ne ɗakinka. Duk faɗin dajin nan bai ga inda zai yi gini ba sai bisa kanka? Albishirin Kulu ne ya biyo ka."

A Tafashiya haka aka tashi aka tarar. In zanzaro ya yi gini a ɗakin da mai ciki take, ko inda mijinta ke kwana, to cikin zai zauna. Wanda kuwa ya fasa ginin da hannunsa ya fasa cikin. Malamai sun sha cewa camfi ne, babu shi a littafi, Ashafa ma ya san haka. Amma faɗin camfi ne yana da sauƙi ga wanda bai haƙa ƙaramin rami sau uku a bayan gida ya binne ɓari ba.

Inno ba ta saki hannunsa ba. Ta ce, "Na haɗa ka da nonon da ka sha, kada hannunka shi taɓa ginin nan. Ka ji ni?"

Ya ce, "Na ji."

"Ban ji ba."

"Na ji, Inna. Ba ni taɓawa."

Da yamma ya bar Nata'ala ya leƙa gida. Tun daga zaure ya ji abin da ya yi shekara bai ji ba, Kulu na dariya. Ta cinye tuwonta har ta nemi ƙari. Ta tambaye shi girman ginin, ta tambaye shi ko rana na dukansa. Ya tsaya yana kallonta. Ya koma bakin jirgi bai faɗi maganar da ya zo da ita ba.

Daga nan ya shiga yaudarar kansa, kuma ya iya. Ya ce ai jirgin ba yau zai tashi ba. Ya ce wataƙila bututun Kano ya yi wata bai zo ba, ƙwaron ya ƙyanƙyashe ya fita. Da wannan ta ƙi ci, sai ya samo wadda ta fi kwantar masa da rai: ai injiniya zai zo, aikinsa ne ya duba kowane rami. Shi zai gani, shi zai fasa. Hannun Bature ba hannun Ashafa ba ne, Inno ba ta haɗa Bature da komai ba. Yana kwance yana kallon zanzaron nan yana kai laka, yana kai 'yan tsutsotsi, har ran na uku da fara ginin, ƙwaron ya liƙe aikinsa can ciki ya tafi abinsa. In ka duba daga waje, bakin bututun tas yake.

Ran kwana na goma lori ta sauke matuƙin da injiniya, wani gajeren Bature mai sanƙo da ma'aikatan Kano ke kira Sannu-Sannu, don ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Yana jin Hausa daidai gwargwado. Da ya ga jajayen tsummoki a jikin jirgin ya tambayi wa ya yi wannan, aka nuna Ashafa. Ya miƙa masa hannu a gaban jama'a ya ce, "Kai ka san aiki." Yabon nan ya soki Ashafa fiye da zagi.

Tare suka yi aikin tun hantsi. Suka cire fasasshen bututun suka sa sabo, suka ɗaure notuna da waya, suka zuba baƙin mai. Ashafa ya shimfiɗa kayan aiki a kan buhu ya ƙirga, sha bakwai suka fito, sha bakwai suka koma. Sannu-Sannu ya fara zagaya jirgin yana zare jajayen tsummoki ɗaya bayan ɗaya yana leƙa kowane rami. Ashafa na biye da shi kamar jela. Da suka iso fiffiken hagu Ashafa ya je ya tsaya daidai ƙarƙashin bututun, har da ɗan tari. Baturen ya ɗaga kai, ya ga babu tsumma a nan, ya sa yatsa ya shafa bakin, ya dubi yatsan. Babu komai. Da a Kano ne da ya sa tiyo ya hura, amma matuƙin na ta kiransa yana nuna gabas. Ya wuce.

Dabarar da Ashafa ya kwana biyar yana jingine da ita ta rushe cikin ƙiftawar ido.

Abin da matuƙin ke nunawa hadari ne. Ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen kuka. Malam Hussaini ya fassara wa wakilin hakimi cewa in ruwan nan ya sauka kafin su tashi, fakon zai zama taɓo, jirgin ya kafe sai Allah ya yi ikonsa. Aka tada inji don gwaji, ya yi ruri na minti biyar ba ko tari. Ashafa ya san haka za a yi. Ya kuma san sauran: kwata guda na awa, wataƙila ƙasa da haka, suna bisa duwatsun wajen Tsanyawa, injin zai yi shaƙuwa sau biyu ya yi shiru. Sannu-Sannu ya ɗora littafi a gwiwa ya sa hannu.

Jama'a sun cika gefen fakon, na Tafashiya da na Kankiya har da masu jakuna daga Yashe. Nata'ala na ta kai da kawo da bulala. Ashafa ya hangi Inno a sahun mata, ta kafe shi da ido. Malam Hussaini ya zo ya dafa kafaɗarsa, ya ce, "To maƙeri, sai wata rana. Kekena na wurin Nata'ala, in yarana sun zo a ba su. In Allah ya sauki iyalinka lafiya ka aiko mani Kusada, ni da kaina za ni zo suna." Ya tattare rigarsa ya hau, aka rufe ƙofa.

Farfela ta juya, ƙura ta tashi, mata suka ja da baya suna salati. Aikin Ashafa na ƙarshe shi ne ya janye waigi. Ya duƙa ya riƙe igiyar. Matuƙin ya leƙo ta taga ya yi masa alama da hannu.

Bai ja ba.

A duƙen nan ya ga abu biyu a zuciyarsa, kowanne sarai. Ya ga Kulu tana neman ƙarin tuwo. Ya ga buhun da ya riƙe a gonakin Kano, da takalmin da ya tsinta da ƙafa a ciki. Gaba kura baya sayaki. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, tsoron uwarsa, tsoron idon matarsa, tsoron ƙaramin rami na huɗu. Matuƙin ya sake alama, yanzu da tsawa. Ashafa ya saki igiyar, ya miƙe, ya tako gaban jirgin inda matuƙin zai gan shi da kyau, iskar farfela na neman tuge masa riga. Ya ɗaga hannuwansa ya gicciya su bisa kai.

Injin bai mutu ba. Matuƙin ya yi jajir, yana dukan jikin taga yana nuna hadari. Wakilin hakimi ya daka tsawa, "Kai Ashafa, ka haukace? Nata'ala, jawo mani shi!" Tsohon dogarin ya taho da gudu-gudu, ya tsaya nesa da farfela yana kiran sunansa. Ashafa bai motsa ba, hannuwansa na sama. Sai Sannu-Sannu ya ajiye jakarsa, ya tako a hankali kamar yadda ya saba, ya tsaya kusa da Ashafa, shi ma ya gicciya nasa hannuwan.

Farfela ta yi juyi uku ta tsaya. Wurin ya yi tsit, sai rugugin hadari.

Sannu-Sannu ya ce, "Mene ne?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ashafa ya ce, "Bututun iska na hagu a toshe yake. Zanzaro ya yi gini ciki."

"Na duba shi."

"Ginin na can ciki, Bature. Yatsa ba ya kai wa."

"Yaya ka sani?"

"A gabana aka yi shi. Yau kwana biyar."

Baturen ya dube shi. Sannan ya buɗe jaka ya zaro wata siririyar waya. Da ya sa hannu ya yi da kansa, da Ashafa ya sami ɗan abin da zai riƙe a gaban Inno. Amma bututun na sama, Baturen gajere ne, kuma bai san komai game da nonon da aka sha ba. Ya miƙa wa Ashafa wayar ya ce, "Nuna mini."

Daga cikin mata muryar Inno ta taso, "Ashafa!" Sunan kawai ta kira.

Bai waiwaya ba, don ya san in ya waiwaya ba zai iya ba. Ya yi bisimilla ya zura wayar. Ta shiga tsawon yatsa ta ci karo. Ya danna, ya ji abin ya fashe a hannunsa. Ya tara hularsa, busasshiyar laka ta zubo gutsi-gutsi, da sandararrun tsutsotsi, da wani ɗan farin abu mai taushi da bai gama zama ƙwaro ba, yana motsi kaɗan. Da ya ga wannan sai idonsa ya cika.

Matuƙin, wanda ya diro yana zage-zage da Turanci, ya leƙa cikin hular. Ya koma ya zauna a kan tayar jirgi ya riƙe kansa. Malam Hussaini ya sauko, aka gaya masa, bakinsa na ta motsi da innalillahi babu sauti. Sannu-Sannu kuwa ya buɗe littafinsa, ya ja layi a kan sa hannunsa na ɗazu, ya ce jirgin nan ba ya tashi sai ya sake bin kowane bututu da tiyo, ko da ruwan zai kai wuya. Ya juyo ga Ashafa ya ce, "Ka yi laifi kwana biyar. Ni na yi na minti ɗaya, kuma nawa ne a littafi." Bai yabe shi ba, bai kuma zage shi ba.

Ruwan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jirgin ya kafe a fakon nan har kwana goma sha ɗaya, wakilin hakimi ya sha faɗa daga sama, shi kuma ya sauke a kan Ashafa, ya kore shi daga gadin. Duk wannan bai dame shi ba. A ranar kuwa, da ya duba sahun mata, Inno ta riga ta tafi.

Ya isa gida jiƙe sharkaf, hular na cikin rigarsa don kada lakar ta narke. Kulu na zaune bakin gado, an riga an gaya mata. Ya durƙusa ya ajiye hular a gabanta, ya ce, "Ni na fasa, da hannuna. Ban so ki ji ga wani cewa Bature ne."

Ta daɗe tana kallon lakar. Ta ce, "Tun yaushe ka san sai an fasa?"

"Tun ran farko."

"Ka bar ni ina dariya."

Ta yagi gefen tsohon zane, ta juye lakar a ciki ta ƙulle, ta tura ƙarƙashin gado. Ba ta yi kuka ba, wannan ne ma ya fi ci masa rai.

Wata huɗun da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwar Ashafa. Inno ta daina yi masa magana ɗungum. In ya gaishe ta da safe sai ta dubi bango, in tana da saƙo sai ta gaya wa Kulu a gabansa. Ya je wurin liman, liman ya ce camfi ne, rai da ajali na hannun Allah, kuma ceton rai biyu ya fi ƙarfin alkawarin da aka yi a kan kuskure. Ashafa ya yarda da kowace kalma, ya dawo gida tsoronsa na nan yadda yake. Kulu ta yi tari, ya zabura ya leƙa ɗaki. Ta daɗe a bayan gida, ya kasa zama. Sannu-Sannu ya aiko daga Kano cewa akwai gurbin aiki in yana so, Ashafa ya ce a gaya masa ya gode. Malam Hussaini kuwa ya aiko da zabi biyu, Inno ta sa aka mai da su.

Naƙuda ta zo da kaka, ana yankan gero, ranar kasuwar Kankiya. Tun asuba mata suka kore shi daga gida. Ya je rumfa ya zauna gaban injin wata lori, ya ɗauki sifana ya ajiye, ya sake ɗauka. Direban ya gaji da jira ya tafi neman abinci. Azahar ta yi ba labari. Ya yi salla bai san raka'a nawa ya yi ba. La'asar ta gota, 'yan kasuwa sun fara ɗaure kaya, sai ya hango Inno tafe a gefen titi, ita kaɗai, ba ta sauri ba ta kuma nawa. Ya ƙura wa fuskarta ido ko zai karanci wani abu, bai ga komai ba, da ma fuskar Inno ba allo ba ce.

Ta iso ta tsaya a bakin rumfar. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙullin tsumman nan na ƙarƙashin gado, ta jefa masa a cinya.

Ta ce, "Kulu ta ce a ba ka kayanka, ta gama da su." Muryarta ta ɗan karye, ta gyara ta da tsaki. "To mi kake kallo? Tashi ka wanke wanga baƙin hannu naka. Ɗiyarka na can tana ta tsala ihu, ba wanda ya yi mata huɗuba."